Kundin aikin ɗakin injin tsohuwar Golf

11 ga Janairu, 2025

Inji da giyabos sun fita tare. Yanzu suna zaune kan tsohuwar taya a kusurwar gareji, an toshe duk bakin da ƙura za ta iya shiga. Motar Golf ce ƙira ta biyu, irin wadda Volkswagen ta ƙera tsakanin 1983 da 1992, mai injin lita 1.8 da bawul takwas. Jikinta na waje ba shi da laifi, ɗakin injin ne ya tsufa. Fenti ya ƙone ta wajen salansa, ya kwaile a ƙarƙashin tukunyar man birki, ga ramuka da maƙalan ƙarfe barkatai, rabinsu ba a ma san abin da suka taɓa riƙewa ba.

Abin da na sa a gaba shi ne in toshe ramukan da ba su da aiki, in yanke maƙalan da suka zama na banza, in mayar da batir cikin but, in bi da wayoyi ta inda ido ba ya kai, sannan a feshe wurin da launin motar na asali. Sharaɗina ɗaya ne: motar hawa ce. Duk wani kyan da zai sa makanike ya wuni yana lalube kafin ya kai ga fiyus, ko ya sauke inji don canja tiyo ɗaya, na yafe shi.

Kafin in kwance ko waya ɗaya sai da na ɗauki hoton kowane lungu, na liƙa wa kowace waya tef mai rubutu. Notoci da kusoshi kowanne rukuni da ledarsa. Na tsiyaye ruwan lagireto da man birki, na toshe bututun fetur, na cire batir da duk wani akwatin lantarki, tunda walda na tafe.

19 ga Janairu

Wanki. Babu aikin da ya kai shi gundura, kuma babu wanda tsallake shi ya fi cutarwa. Baƙin mai da giris na shekara da shekaru sun kwanta a ƙafafun shasi. Idan ka sa injin gurza a kan ƙarfe mai maiƙo, ba cire maiƙon kake yi ba, tura shi kake cikin kowane karce, ranar fenti kuma ya fito maka da ƙananan idanu a ko'ina. Saboda haka sabulun cire maiƙo, burushi, ruwan zafi, a maimaita har sai farin ƙyalle ya bi wurin ya fito fari.

Gwangwanin feshin wanke birki na fitar da shi daga garejin gaba ɗaya. Wasu irinsa suna ɗauke da sinadarai masu kulorin, idan zafi da hasken walda suka same su sukan rikiɗe su zama iskar fosjin, wadda kaɗan daga cikinta ke lalata huhu. Ba na son in riƙa karanta bayan gwangwani kowane lokaci, gara kawai ya yi nisa da wurin.

Na cire dashbod da kafet da duk audugar da ke liƙe a bayan bangon da ya raba inji da cikin mota. Wanda zai yi walda a gaban bangon nan ya bar su, gobara yake nema.

26 ga Janairu

Yau ban riƙe komai ba sai alƙalamin maka kala uku da tocila. Kowane rami sai na tsaya na tambayi kaina aikinsa. Kore, ya zauna. Ja, a toshe. Shuɗi, sai an sake duba hotuna. Wannan zaman ya fi walda wuya, domin rami idan ka toshe shi ka shafe ka fenta, ranar da ka gano amfaninsa sai dai ka sa dirila a kan sabon fenti.

Waɗanda suka samu kore ba gardama: ramin sandar sitiyari, ramukan tukunyar iskar birki, mashigar bututun hita guda biyu, wayar kulochi, wayar totur, wayar mitar gudu da wayar buɗe bonet. Haka duk inda ake ɗaure wayar as, wato wayar da ke haɗa lantarki da ƙarfen jikin mota. Haka ramukan tsiyayar ruwa, musamman na kwatar da ke ƙasan gilashin gaba inda injin waifa yake, da ƙananan da ke ƙarƙashin ƙafafun shasi. Na ga motocin da aka toshe wa waɗannan don a samu sumul, bayan ɗan lokaci ruwa ya taru a ciki ya cinye ƙarfen daga inda ba a gani. Ramin da ke kallon ƙasa ba ya ɓata wa kowa ido, bar shi da aikinsa.

Ja kuwa ta fi yawa a cikin madigadi biyu: ramukan maƙalan wayoyi, na robar ruwan wanke gilashi, na ƙaho, da waɗanda masu motar na baya suka huhhuda don ƙarin fitilu. Akwai kuma manyan ramuka masu siffar ƙwai da aka yi tun a masana'anta don riƙe ƙarfen lokacin haɗa jiki. Na saman zan rufe su, na ƙasan zan sa musu murfin roba, domin ta nan zan fesa kakin hana tsatsa daga baya.

Lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfe na zagaye ta da tef, na bar mata fili ta kowane gefe. Ba walda a kusa da ita, ba fila (kwaɓin da ake cike lotsawar ƙarfe da shi), ba gurza. Lambar da aka ga alamar taɓi a jikinta takan jawo wa mai mota tuhumar da ba ta da daɗin warwarewa. Fentin da zai hau kanta ma siriri zan sa, yadda kowane harafi zai karantu.

Sai batun tudun shakazoba. Masu son sumul na ƙarshe sukan gurje bakin mahaɗar da ke zagaye da shi har ta ɓace. Ni ban yarda da wannan ba. Nauyin gaban motar da dukan kowane ramin hanya ta nan suke bi, kuma ɗigon waldar masana'anta da ke bakin mahaɗar su ne ke riƙe da shi. Mahaɗar za ta zauna yadda take. Abin da zan yi mata kawai shi ne in tsaftace ta in ja mata sabon danƙo a miƙe.

2 ga Fabrairu

Cire tsohon danƙon mahaɗa. Burushin waya a kan injin gurza ya fi komai sauri, sai dai yana watsi, ba a yinsa sai da gilashin fuska. Ban ƙona shi da wuta ba duk da hakan zai fi sauƙi, hayaƙinsa guba ne.

Da tiren batir ya fita, abin da ake tsammani ya bayyana. Ruwan batir asid ne, shekaru yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ya cinye fenti, ruwan sama ya ƙarasa. Ƙarfen da ke ƙasan tiren ya yi laushi, wajen faɗin tafin hannu biyu, sukudireba na shiga ba tare da an matsa ba. Na wanke wurin da ruwan bikabonet don kashe sauran asid, na ɗauraye, na busar, sannan na yanke har sai da na kai ga ƙarfe mai haske da cikakken kauri ta kowane gefe. Maganin tsatsa na kwalba yana da ranarsa a kan tsatsar sama. Ƙarfen da ya riga ya sirance kuwa, ba ruwan da zai mayar masa da kaurinsa.

Maƙalai ba a fizge su da kurfi da guduma, sai su yago fatar da ke ƙasa. Akwai bakin dirila na musamman mai milimita 8, mai faffaɗan kai, wanda ke cinye ɗigon waldar a saman ƙarfe ya bar na ƙasa lafiya. Ka sa alama a tsakiyar ɗigon, ka huda a hankali, da ka ga ɗan zoben tsatsa ko ƙura ya bayyana ka tsaya, ka kai tsakanin fatu biyun ke nan.

9 zuwa 23 ga Fabrairu

Walda. Injin MIG, waya mai milimita 0.6, iskar agon gauraye da kabon dayoksaid. Fatar ƙarfen a yawancin wurin nan ba ta kai milimita ɗaya ba, saboda haka abokin gaba shi ne zafi. Sai da na gwada saitin a kan guntayen da na yanke daga motar kanta kafin in taɓa jikinta.

Ƙananan ramuka, waɗanda ba su wuce milimita 8 ba, da jan ƙarfe ake cika su. Na daka guntun bututun jan ƙarfe ya zama fale-fale, na danna shi a bayan ramin, na ɗiga walda daga baki zuwa tsakiya. Walda ba ta kama jan ƙarfe, kuma yana shanye zafi, sai bayan ya fito a shafe. Inda hannu ba ya kai, maganaɗisu ya riƙe shi, sai dai a nesa kaɗan, domin yana karkatar da wutar walda idan ya matso.

Manyan ramuka faci suke so. Kwali a bayan ramin, a zana, a yanka, a mayar da zanen kan sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na motar. Facin ya shiga cikin ramin daidai wa daida, baki da baki, da 'yar tazarar da ba ta wuce kaurin wayar walda ba. Ɗora faci a saman rami ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma yana barin aljihu tsakanin fatu biyu inda danshi zai zauna, kuma tudun da ya bari sai an binne shi da fila mai kauri. A ɗakin inji filar mai kauri ba ta daɗewa. Wurin yana zafi ya huce kullum, yana jijjiga, ƙarfe na buɗewa yana tsukewa, filar kuma ba ta bin sa daidai. Ƙarshenta tsagewa.

Ba a jan walda doguwa a kan irin wannan ƙarfe. Ɗigo ɗaya a nan, a tsallaka can gefe a ɗiga, a koma wani facin daban, a dawo idan hannu zai iya taɓa wurin. Haka za a yi ta yi har ɗigon su haɗu su zama layi. Kowane ɗigo idan ya huce tsukewa yake yi, yana jan ƙarfen da ke gefensa. Idan aka tara zafi wuri ɗaya, faffaɗan wuri sai ya riƙa lotsawa yana tasowa kamar murfin gwangwani. Inda zan iya kai hannu ta baya, nakan sa dunƙulen ƙarfe in ɗan bubbuga ɗigon da guduma don ya miƙe ya saki abin da ya ja.

Duk inda fata biyu za su kwanta kan juna, na fesa firaima (shafin da ake sawa kafin fenti) mai tutiya wadda walda ke bi ta cikinta. Hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, don haka ƙofa a buɗe, fanka na ja, takunkumi a fuska.

Wurin batir ya fi cin lokaci saboda yana da lanƙwasa biyu. Na raba facin gida biyu, kowanne na lanƙwasa shi a bais, na haɗa su a jikin motar. Guda ɗaya zai fi burgewa, amma ba ni da kayan da zan buga shi ya zauna ba tare da na tilasta masa ba, kuma ƙarfen da aka tilasta yakan rama da zarar ya ji zafi.

Bayan kowane zama nakan ɗauki lokaci ina leƙa cikin motar da ƙarƙashinta kafin in rufe gareji. Tsohon kakin da ke cikin shasi yana iya cin wuta a ɓoye.

1 ga Maris

Gurza. Da bakin faifan yanka na fara rage kan waldar ita kaɗai, sannan faifai mai samfefa lamba 80 ya daidaita. Gurza ma tana kawo zafi, kuma tana sirantar da ƙarfen gefe idan aka kwantar da faifan. Da dare na kashe fitila, na sa tocila a bayan kowane faci. Duk inda haske ya ɓullo, ƙaramin rami ne da zai shigo da danshi ta bayan fila. Na zagaye su da maka, gobe a ɗiga musu.

9 ga Maris

Kafin fenti ya kusanci motar, duk abin da zai buƙaci huji ko walda dole ya gama. Saboda haka na mayar da inji wurinsa na wucin gadi, da lagireto da tukunyar birki, don in ga hanyar da komai zai bi.

Wayoyin fitilun gaba da fanka da ƙaho za su bi ta tsakanin madigadi na ciki da na waje. Na warware tsohon tef, na duba kowace waya, na ƙara wa waɗanda suka gaza tsawo da waya mai kauri iri ɗaya, na sa su cikin bututun roba. Duk inda za su ratsa ƙarfe akwai zoben roba a bakin ramin, in ba haka ba jijjiga za ta sa bakin ƙarfen ya yanke rigar wayar. Ban binne mahaɗa ko ɗaya a cikin shasi ba. Kowace filogi tana inda za a kai gare ta idan an cire taya da robar madigadi. An taimake ni da abu ɗaya: akwatin fiyus na wannan motar dama a cikin mota yake, ƙasan dashbod.

Batir ya koma but. Waya mai kaurin murabba'in milimita 35 ce za ta tafi har sitata, da babban fiyus dab da kan batir. Wannan fiyus ba ado ba ne. Waya mai wannan kauri, mai tsawon mota guda, idan ta goge ta taɓa jiki ba fiyus, ja za ta yi kafin ka buɗe but. Batir na fitar da iskar haidurojin lokacin caji, shi ya sa zai zauna cikin akwati mai bututun da ke fita waje, a ɗaure da ƙarfe a jikin mota.

Bututun birki sababbi na lanƙwasa, na gaurayen jan ƙarfe da nikel mai milimita 4.75, wanda ba ya tsatsa kuma yana lanƙwasuwa da hannu. Na sauko da su ƙasa a jikin bangon baya, na nesanta su da salansa. A wannan injin manifol na shiga da na fita duka a baya suke, suna fuskantar bangon, saboda haka garkuwar zafin da ke wurin za ta koma, ko da tana rufe wani ɓangare na aikin da na sha wahala a kansa. Na walda mata sababbin kusoshi, na walda ƙananan maƙalan bututun birki, domin bututun da ba a ɗaure ba jijjiga ke karya shi.

Inji ya sake fita.

16 ga Maris

Ƙarfe tsirara ba ya jira, ko tafin hannu ka ɗora masa gobe za ka ga shatinsa da tsatsa. Na goge ko'ina da lamba 80, lungunan da inji ba ya shiga da hannu, na hure, na share da maganin cire maiƙo: ƙyalle ɗaya ya jiƙa, wani busasshe ya bi baya kafin ya bushe. Sannan firaimar ifoksi, shafi biyu.

Akwai masu sa fila kai tsaye kan ƙarfe, kuma takardun fila da yawa sun yarda da haka. Na zaɓi ifoksi tukuna saboda fila tana shan danshi, ifoksi kuwa tana rufe ƙarfen ruf. Aikin gefe ne da ake yi a ƙarshen mako, zai ɗauki lokaci a buɗe, gara ƙarfen ya jira a rufe. Abin da ba a yi shi ne ɗora fila kan firaimar nan mai asid da ke cin ƙarfe, ba sa jituwa.

Ifoksi ba ta son sanyi. Ƙasa da kimanin digiri 15 daskarewarta na ja baya sosai. Tana kuma da wa'adin da za a iya ɗora wani abu a kanta ba tare da an karce ta ba, yana rubuce a takardar kowace iri. Nawa zai wuce kafin in dawo, don haka sai na karce.

22 zuwa 30 ga Maris

Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar gyaran jikin mota ya leƙo ya tarar ina kwaɓa fila. Ya shafa bangon baya da tafin hannu, ya ce, "Yaro, a zamaninmu dalma muke narkawa a irin wannan wuri, ba wannan kwaɓin ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba, dalma ta fi jure zafi. Amma ƙurarta nake tsoro, ga shi ba ni da hannunku."

Ya yi dariya ya ce to in dai fila ce, kada ta fi kaurin farce. A nan ba mu saɓa ba. Dalma tana son wuta mai yawa a kan ƙarfen da na lallaɓa don kada ya lotsa, kuma ruwan asid da ake shafawa kafin ta kama, idan bai wanku sarai ba, yakan dawo da tsatsa a ƙarƙashin fenti.

A kan layukan walda na fara da fila mai zaren gilashi, siririya, saboda ta fi ƙarfi kuma ta fi jure danshi. A samanta fila mai laushi. Maganin daskarewa kashi biyu cikin ɗari ne a nauyi. Idan ya yi yawa yakan ɓullo ta cikin fenti ya bar tabo, idan ya yi kaɗan filar ba ta daskarewa da kyau, sai ta riƙa toshe samfefa. A kan faranti mai santsi ake kwaɓawa, ana ninkewa ana dannawa. Juyawa na cusa iska, iskar kuma ita ce ƙananan ramukan da ke buɗewa lokacin guga.

Guga kuwa, a nan ne ɗakin inji ya bambanta da ƙofa ko bonet. Babu faffaɗan wuri, duk kwana ne da lungu. Na yi wa kaina katakai iri-iri: guntun tiyon lagireto don lanƙwasa, sandar tsintsiya don kwarin da ke gefen tudun shakazoba, ƙaramin katako mai kaurin yatsa biyu. Da yatsa tsirara ba a guga, yana barin kwari a bayansa wanda ba za ka gani ba sai fenti ya hau yana sheƙi. Lamba 80 ta fitar da siffa, 120 ta biyo, 180 ta rufe. Kafin kowace lamba nakan shafa baƙar hoda. Inda hodar ta rage bayan guga, kwari ne. Inda ƙarfe ya leƙo, tudu ne, a bubbuga shi ƙasa, kada a tara fila a kewayensa don a kamo tsayinsa.

Kusa da salansa da kewayen ramukan da za a ɗaure noti ban sa fila ba ko kaɗan. Noti idan ya matse fila, fasa ta yake yi.

6 ga Afrilu

Ifoksi siririya ta sake hawa don rufe inda guga ta kai ƙarfe. Bayanta danƙon mahaɗa. Tef layi biyu a gefe da gefe, a matsa danƙon tsakani, a shafe da yatsa cikin safar hannu, a cire tef tun yana ɗanye. Sai layin ya fito a miƙe, bakinsa tsaf. Mahaɗar tudun shakazoba da na ƙi gurjewa yanzu ta fi yadda ta fito daga masana'anta kyan gani. Danƙon mai karɓar fenti ne. Silikon na banɗaki ko kusa da garejin bai zo ba, fenti ba ya kama shi, kuma ɗan burbushinsa ya isa ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Firaima mai kauri, da bakin bindiga milimita 1.8. Launin toka mai haske na zaɓa, domin jan fentin da zai hau ba ya rufe abin da ke ƙasansa da sauri, kuma firaima mai duhu tana dusashe shi.

13 ga Afrilu

Na bar firaimar ta zauna har ta gama tsukewa. Hoda, lamba 320, hoda, lamba 500. Lungunan da samfefa ba ta shiga, da soson karce mai laushi. Yatsuna sun gaji. Babu wani labari.

20 ga Afrilu

Fenti. Lambar launin tana jikin takardar da ke liƙe a but kusa da safaya: LY3D, jan da Volkswagen ke kira Tornado. Na ɗauki fenti mai haɗi biyu wanda ke fitowa da sheƙinsa, ba sai an bi shi da kiliya, shafin sheƙi na sama, ba. A wuri mai lunguna haka, duk ƙarin shafi ƙarin dama ce ga ƙura da zuba, kuma ranar da sifana ta ƙwarzane shi gyaransa ya fi sauƙi.

Maganin daskarewar irin wannan fenti yana da aisosayanet, wanda ke jawo asma, kuma hanci ba ya jin sa a lokacin da ya riga ya kai yin illa. Takunkumin ƙura ba ya tare shi. Na ari takunkumi mai bututun iska, na rufe jiki duka har ido.

Na lulluɓe sauran motar da leda tun daga gilashi har but, na toshe ramukan bangon baya ta ciki, na sa tsofaffin kusoshi a duk ramin da ke da zare, na liƙa tef a wuraren as. Na tsiyaye ruwan kwamfuresa, na yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta.

Tsarin feshin shi ne abin da na fi tunani a kai. Ɗakin inji akwati ne, iskar bindiga na buga bango ta dawo, ƙurar fentin ta sauka a busashe kan inda ka riga ka fesa, wurin ya yi kaushi. Saboda haka na fara da mafi wuya: ƙarƙashin kwatar ruwa, bayan tudun shakazoba, cikin ƙafafun shasi, da faɗin feshi a tsuke da iska a rage. Sannan bangon baya, sannan cikin madigadi, saman da ido ke fara gani shi ne na ƙarshe, da bakin bindiga 1.3 da matsin iska wajen bar biyu. Shafin farko rabin jiƙa, a jira wajen minti goma zuwa sha biyar, na biyu cikakke. Idan aka yi gaggawar ɗora shafi, tina na maƙalewa a ƙasa ta fito daga baya da ƙananan ƙuraje.

Abin da ya fi wahala shi ne tiyon iska. Na ɗora shi a kafaɗa, hannu ɗaya na riƙe da shi a baya, ina tsaye a tsakiyar inda inji yake zama, ina lura da gwiwar hannu. Fenti ya ɗan zuba a wuri ɗaya ƙasan ramin sitiyari. Zan bar shi ya yi tauri sosai, in aske shi da reza, in bi da lamba 1500 da 2000, in goge.

4 ga Mayu

Fenti ya yi taurin da farce ba ya barin shati. Na fesa kakin hana tsatsa cikin ƙafafun shasi da dogon bututu, har ya fara ɗiga ta ramukan ƙasa, wanda ya nuna a buɗe suke. Bayan kowane faci ma ya samu ifoksi da kaki, tunda zafin walda ya ƙone duk abin da ke kāre shi a da.

Wuraren as na kankare su zuwa farin ƙarfe, na ɗaure, na shafa ɗan giris a sama. Mota da aka yi wa sabon fenti ta ƙi tashi, ko fitilunta su riƙa wasa, yawanci fenti ne ya shiga tsakanin waya da jiki. Na bi kowane zare da ƙarfen yanka zare kafin in sa kusa.

Tukunyar birki da sababbin bututu sun hau. Man birki na DOT 4 yana cin fenti, har irin wannan mai tauri, don haka lokacin fitar da iska na shimfiɗa leda da ƙyalle a ƙasa, da robar ruwa a kusa don ɗauraye duk ɗigon da ya kuɓuce nan take.

11 ga Mayu

Inji ya shiga. Na lulluɓe ƙafafun shasi da tudun shakazoba da tsofaffin barguna da kwali, mutum ɗaya na sauke sarƙa, ni ina riƙe da giyabos. Garkuwar zafi ta koma kan kusoshinta. Wayar kulochi da ta totur da ta mita duk sun sami ramukansu. Na gwada canja fiyus, da cire filtar mai, da kai hannu ga filogin fitilar gaba, duk ba tare da na kwance wani abu ba sai robar madigadi.

Abin da ya rage: robar ruwan wanke gilashi tana jiran sabon mazauni a but, tiyon hita na sama ya gaza tsawo saboda sabuwar hanyar da ya bi, sai an nemo wani, kuma ba a aske zubin da ke ƙasan sitiyari ba. Idan inji ya tashi ya yi zafi ya huce na wasu makonni, zan sake bin layukan walda da tocila a karkace, musamman na wurin batir da bangon baya, in ga ko akwai wanda shatinsa ya fito ta cikin fenti.